Baƙin da Ke Dafa wa Kansu

Ranar da Shayirgul ta sa aka kafa allo a ƙofar tsohon gidansu, mahaifiyarta Toktokan ta tsaya ta karanta shi a hankali, tana bin haruffan da baki. An rubuta cewa masauki ne na masu keke da masu yawon ƙafa. Akwai gado, akwai ruwan zafi, akwai murhu da tukwane, baƙo ya dafa abin da ransa ke so.

"Baƙo ya dafa?" in ji Toktokan. "Mu mun mutu ne?"

"Apa, haka suke so."

"Wa ya faɗa miki? Akwai ɗan Adam ɗin da zai wuni yana tuƙa keke a kan duwatsun nan, ya dawo ya ce yana sha'awar fere dankali?"

"Akwai, Apa. Duniya cike take da su."

"To duniya ta lalace," in ji tsohuwar, ta juya ta yi gida.

Gidan yana can ƙarshen lambun tuffa, inda ƙauyen Tash-Bulak ya ƙare, hanyar dawaki ta fara hawa dutse. A nan aka kawo Toktokan tana amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan mijinta Orozali ya tsufa. Mutum ne marar yawan magana. Aikinsa idan ya dawo daga kiwo shi ne ya zauna a tor, wato wurin girma na can ƙuryar ɗaki mai fuskantar ƙofa, ya zuba wa ƙofar ido, yana miƙo kwanon shayinsa ana ƙara masa har buta ta ƙare. Ita kuwa tana bakin ƙofa kusa da buta, inda matar gida ke zama. Takan ce masa, "Dutsen nan da kake kallo ba zai gudu ba, babansu." Sai ya yi murmushi ya sake miƙo kwano. Bayan rasuwarsa, ɗansu da ke aiki a Rasha ya gina musu sabon gida a bakin titi, tsohon ya zauna a rufe har Shayirgul, wadda ke koyarwa a makarantar ƙauyen, ta share shi ta yi masa fenti ta sa shi a intanet.

Baƙin farko samari ne biyu masu keke. Toktokan ba ta ce wa kowa komai ba, ta yanka kaza, ta soya borsok, wani irin fankensu na fulawa, kwano guda, ta tsaya a kansu sai da suka cinye. Washegari ɗayan ya kasa ɗaga ƙafa ya hau keke. Bayansu wata mata ta zo da ta ce ba ta cin nama. Toktokan ta tausaya mata ƙwarai, ta kawo mata romon rago, ta tsame naman a gabanta, ta ce to ga shi babu nama. Wasu kuma ta ƙwanƙwasa musu taga tun rana ba ta leƙo ba, da gurasa mai zafi a hannu. Ba su buɗe ba, sai ta zagaya ta ɗaya tagar.

Da maganar ta fara fitowa a intanet, cewa gida ya yi kyau amma akwai wata tsohuwa da ba ta barin mutum ya huta, Shayirgul ta zaunar da mahaifiyarta, ta ɗauko gurasa ta ajiye a tsakaninsu.

"Apa, dafa ki yi min alkawari. Ba ke ba ciyar da baƙin gidan can."

"Ni za ki sa in dafa gurasa? Ni da na haife ki?"

"In ba haka ba za su daina zuwa, gidan Baba ya koma ɗakin ɓeraye. Rufin ma da kuɗin baƙin nan na gyara shi."

Wannan ce ta karya mata gwiwa. Ta ɗora hannu a kan gurasar ta yi alkawari, tana hararar 'yarta. Kuma a Tash-Bulak, wanda ya dafa gurasa ya gama magana.

Abin da Shayirgul ta manta, ko ta yi kamar ta manta, shi ne cewa ba a taɓa barin ƙofar Orozali ba tare da an ɗanɗana gurasar gidan ba. Ko aron gatari ya kawo ka, ko kana kan doki kana sauri, sai an miƙo maka ka gutsura ka sa a baki kafin ka wuce. Haka ake yi a kowane gida, amma Orozali ya fi kowa tsanani a kai. Ya taɓa bin wani mai gyaran wayar lantarki har bakin rafi da gurasa a hannu. Toktokan ta yarda baƙi su dafa taliyarsu, ta yarda su kwana da yunwa in sun ga dama. Amma a ce wani ya kwana a ɗakin mijinta ya tafi bakinsa bai taɓa gurasarta ba, wannan ya tsaya mata a rai, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Ana cikin haka, lokacin tsinkar tuffa, baƙi na farko bayan alkawarin suka iso. Wani dattijo ne da matarsa daga Poland, Witold da Halina, kowanne a kan keke mai jakunkuna gaba da baya. Witold yana da farin gemu har ƙirji, ga ƙafafu sirara, ga wani matsattsen gajeren wando da Toktokan ba za ta bari ko jikanta ya fita da shi ba. Halina gajera ce mai yawan dariya. Dukansu sun koyi Rashanci a makaranta tun suna yara, kamar yadda Toktokan ma ta koya, saboda haka gaisuwa ba ta gagara ba. Suka ce za su yi 'yan kwanaki su huta, su zaga kwarin, ranar Asabar su haye dutse su wuce.

Kullum da safe sai su hau kekunansu su ɓace, la'asar su dawo fuska ja, su tsaya a kantin ƙauye. Mai kantin kuwa ba ya riƙe magana. Kafin su kai gida kowa ya san abin da suka saya.

"Toktokan!" Kalica ce, maƙwabciyarta, ta leƙo ta kan shinge. Tare aka kawo su ƙauyen suna amare, kuma tun daga lokacin ba su daina tsokanar juna ba. "Na ji an ce baƙinki kifin gwangwani suka kwana da shi jiya."

"Ba baƙina ba ne. Na Shayirgul ne."

"Au, gidan ma na Shayirgul ne? Allah ya jiƙan Orozali. Da yana nan da ya ga zamani."

"Ki je ki duba madararki, ina jin ƙauri."

"Madarata lafiya lau. Yau kuma an ce taliyar leda suka saya, irin wadda ake zuba wa ruwan zafi. Tsofaffi da su, abin tausayi."

Toktokan ta yi tsaki ta shige ɗaki, amma abincin rana bai wuce mata ba.

Daga ranar sai tuffan lambu suka fara bukatar kulawa ta musamman. Sau nawa a wuni za ka ga Toktokan da bokiti tana tsintar waɗanda suka faɗo, kuma abin mamaki, duk masu faɗowar na kusa da tsohon gida ne. Tana tsinta tana leƙe. Ta ga Witold yana yanka tumatir a kan gwiwarsa. Ta ga sun ci abinci a tsaye, a tsakar gida, kowa da kwanonsa a hannu. Ta ga sun sha shayi baƙi ƙirin babu madara, babu ko ɗan abin haɗawa. Sai ta dawo gida ta zauna ta yi tagumi, Shayirgul ta ce, "Apa, lafiya?" ta ce, "Lafiya lau. Ina zaune ina cika alkawari."

Ranar Alhamis da la'asar ta hango hayaƙi daga tsakar gidan, irin hayaƙin da ta sani. Ta ajiye bokiti ta ƙarasa da sauri. Halina ce ta hura wuta a tanderun da Orozali ya gina da hannunsa, ta kwaɓa fulawa a roba, tana ƙoƙarin manna ƙullin a jikin tanderun. Ƙullin ya yi ruwa, wutar ba ta faɗa ba. Ta manna na farko, ya zame ya faɗa cikin garwashi.

Toktokan ta tsaya a bakin shinge, ta kai hannayenta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya gam, don ta san halinsu.

"Ki bari wutar ta kwanta, baiwar Allah! Sai bangon ya yi fari. Ƙara gari. A'a, ba haka ba, da tafin hannu! Ki shafa masa ruwa a baya. A baya na ce!"

"Eje, ki shigo mana ki nuna min," in ji Halina. Ta koyi kiran manyan mata da eje, kuma tana jin daɗin faɗarsa.

"Ba zan iya ba."

"Me ya sa?"

"Hannuna ke ciwo," in ji Toktokan, wadda jiya-jiyan nan ta ɗaga buhun dankali ita kaɗai.

Na biyu ya faɗa wuta. Na uku ya manne, ya ƙi fitowa, sai da Witold ya sa wuƙa ya ɓamɓaro shi, gefe ɗaya gawayi, gefe ɗaya ɗanye. Halina ta ɗaga shi sama tana dariya har da hawaye. Ita kuwa Toktokan kamar ta yi kuka. Tanderun da ya ciyar da rabin ƙauye, yau ga abin da ya haifa.

Halina ta share ido ta matso bakin shingen. "Eje, jibi za mu tafi. Gobe da yamma ki zo ke da 'yarki ku ci abinci tare da mu. Gurasa ta fi ƙarfina, amma na iya miyar garinmu. Ki zo, ke ce baƙuwarmu."

Toktokan ta ji kamar an watsa mata ruwan rafi. A ciyar da ita, a gidan mijinta, a ɗakin da ta share shekaru tana ciyar da mutane? Ta ce, "In Allah ya kai mu," ta ɗauki bokitinta ta juya, fuskarta na zafi.

Ba ta kai gida ba ta tarar da Kalica a bakin hanya, ta riƙe ciki. Ashe tana bayan itacen tuffa, ta ji komai.

"Wayyo cikina! Baƙuwar Turawa! Toktokan, an gayyace ki cin kifin gwangwani a gidanki!"

"Wa ya ce miki zan je?"

"Ki je mana, ki ba mu labari. To me za ki riƙa musu? Ko haka za ki tafi kina kaɗa hannu, tunda an hana ki?"

Toktokan ta buɗe baki za ta rama, sai ta tsaya. Ta dubi Kalica, ta dubi tsohon gida, ta sake duban Kalica. A hankali fuskarta ta washe.

"Kalica, tun da na san ki, yau ne kika fara faɗin magana mai amfani."

"Me na ce?"

"Ara min babban faifanki."

Washegari da Shayirgul ta dawo daga makaranta, ƙamshi ne ya tare ta tun daga titi. Ta shiga ta tarar da gurasa jere a kan tebur, masu faɗi, masu sheƙi, an yi musu ado a tsakiya. Ga man shanu, ga zuma, ga borsok a kwano. Mahaifiyarta tana naɗe su a farin mayafin tebur, ta sa rigar da take zuwa biki da ita.

"Apa! Kin dafa gurasa kin yi alkawari!"

"Na yi, kuma ina kan bakana. Na ce ba ni ba ciyar da su. To yau su za su ciyar da ni. An gayyace ni, ke ma an gayyace ki, je ki sauya kaya."

"To wannan fa?"

"Ke kin taɓa ganin an je gidan mutane hannu rabbana? Haka na tarbiyyantar da ke? Ki faɗa min, malama. In kin ce in je baƙunta babu gurasa, yanzun nan in kwance."

Shayirgul ta dubi gurasar da ke cikin mayafin. Ta yi karatu a birnin Bishkek, ta iya intanet, amma ita ma ba za ta iya taka ƙofar wani ba tare da ƙunshi a hannu ba, ko da za a yanka ta.

"Guda ɗaya ta isa," ta ce a raunane.

"Ɗaya ai ta marowaci ce. Ɗauki zumar."

Suka bi ta lambu rana tana shirin sauka bayan dutse. Kalica tana bakin shinge tana kallo. Toktokan ta wuce ta gabanta da ƙunshi a hannu, kai a sama.

A bakin ƙofa ta cire takalmi, ƙafafunta suka kai ta inda suka saba, gefen ƙofa kusa da buta. Har ta fara durƙusawa, Witold ya ce a'a, a'a, ya nuna mata can ƙurya inda aka tara matasan kai masu taushi. Shi dai ya ga nan ne ya fi daɗin zama. Bai san tor ya nuna mata ba.

Toktokan ta ja da baya. Ta zauna a tor a gidajen mutane da yawa tun da ta manyanta, amma a wannan ɗakin ko sau ɗaya ba ta taɓa ba. Ta dubi 'yarta. Shayirgul ta ce a hankali, "Apa, ke ce baƙuwa. Ke kika faɗa." Sai ta taka shimfiɗar, ta ƙarasa, ta zauna a wurin mijinta, tana gyara bakin rigarta ba don ya ɓaci ba.

Aka kwance ƙunshi. Halina ta tafa hannu, ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin. Witold ya jawo wuƙa zai yanka, Toktokan ta doke masa hannu kafin ta tuna cewa ita baƙuwa ce.

"Ba a sa mata wuƙa, dattijo. Me ta yi maka? Da hannu ake gutsura."

Ya nemi gafara yana dariya, ya gutsura, ya miƙa wa matarsa rabi. Toktokan ta daina numfashi. Ta bi gutsuren da ido daga hannu zuwa baki, ta ga sun tauna, ta ga maƙogwaron Witold ya motsa a ƙarƙashin gemu. Sai ta sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi, har Halina ta tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji ta. "Yanzu ku tafi duk inda za ku, hanya ta buɗe muku."

Daɗi ya cika ta, ba ta ɓoye ba. Ta sha miyar Halina, wata ja mai ɗan tsami, ta ce ta yi daɗi, kuma rabin maganar gaskiya ne. Ta tambayi Witold ko a garinsu babu tela ne da zai ƙarasa masa wandon. Shayirgul ta ce, "Apa!" Witold ya ce matarsa ma kullum abin da take faɗa ke nan.

Da aka zo shayi, Halina ta zauna a gefen ƙofa inda buta take, ta cika kwano fal ta miƙo. Toktokan ta dubi kwanon.

"Tun ban gama zama ba za a kore ni?"

Shayirgul ta yi saurin bayani. A nan kaɗan ake zuba wa baƙo, don ya yi ta miƙowa ana ƙara masa, hira tana tsawo. Wanda aka cika wa kwano, an ce masa ya sha ya kama gabansa ne. Halina ta dafe kai, ta karɓi kwanon ta rage, ana ta dariya.

Toktokan ta kurɓa, ta jingina da matashin kai, ta ɗaga ido ta dubi ƙofa don ta ga dutsen da babansu ya ƙare rayuwarsa yana kallo. Ba ta gan shi ba. Ta ɗan karkata dama, ta karkata hagu. Ƙofar gajera ce, daga nan bangon ɗakin ajiya ya tare komai, kuma ɗakin ajiyar ya girme ta a gidan. Babu dutse, babu ko sararin sama. Abin da kawai ake gani daga tor shi ne gefen ƙofa, inda hasken yamma ke sauka, da wadda ke zaune a wurin tana riƙe da buta.

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta tuna yawan shayin da mutumin nan ya sha, kurɓi-kurɓi, yana miƙo kwano, ita tana mita tana cewa cikinsa ya huje. Idanunta suka ciko, amma dariya ce ta riga hawayen fitowa.

"Tsohon munafuki," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka bar ni ina ta zagin dutse."

"Apa, me kika ce?"

"Ba da ke nake ba."

Ta shanye ɗan abin da ke kwanon, ta miƙa wa Halina.

"Ƙara min, 'yar'uwa. Kaɗan dai, kada ki cika. Ba yanzu zan tashi ba."